Ƙaurar Mai Zane da Kayan Aikin da Ba Sa Bin Mai Su

A watan Afrilun 1994 kamfanin Commodore na Amurka ya karye, kwamfutarsa mai suna Amiga ta zama marainiya. Ga yawancin mutane labarin kasuwa ne da ake karantawa a wuce, amma ga dubban masu zane da suka koyi sana'a a kanta, gobara ce ta tashi a shago. Manhajar da suke aiki da ita, Deluxe Paint, wadda Dan Silva ya rubuta wa kamfanin Electronic Arts ta kuma fito a 1985, a kan Amiga aka haife ta, a can ta girma. Da launi 32 kacal da mutum zai tsinta daga cikin 4,096, a kan fili mai ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, Avril Harrison ta zana fuskar zinare ta Fir'auna Tutankhamun, hoton da ya zama tambarin manhajar, wanda ya sa jama'a suka yarda cewa kwamfutar gida za ta iya ɗaukar zane na gaske. An fitar da wata siga domin kwamfutocin DOS, da ita aka zana wasanni irin su Monkey Island, amma sigar Amiga ta ƙarshe ta fito ne a 1995, daga nan ba a ƙara ba. Mutumin da ya shafe shekara tara yana horar da yatsunsa har sun san inda kowane maɓalli yake ba tare da ya duba ba, ya wayi gari dole ya tattara ya koma wani gida inda ba a san manhajarsa ba.

Wani abu guda ya tsira daga gobarar, shi ne hotunan. Tun a 1985 Jerry Morrison na wannan kamfani ya tsara nau'in fayil da ake kira IFF, aka kuma wallafa bayanin yadda aka gina shi domin kowa ya karanta ya yi amfani da shi. Saboda haka zanen da aka adana a kan faifan Amiga shekara arba'in da suka wuce yana buɗuwa yau a kwamfutar da ba ta taɓa jin sunan Commodore ba. A nan ne nake ganin darasin tarihin wannan sana'a ya fara. Idan mai zane ya tashi sauya babbar manhaja, wato wadda ke riƙe da kwamfutar gaba ɗaya irin su Windows da macOS da Linux, mutane kan tsaya musun wacce ta fi kyau, wacce ta fi sauri. Tarihi ya nuna cewa ranar ƙaura wata tambaya ce ke yanke hukunci: a hannun wa mabuɗin kayan aikin yake? Duk abin da aka bayyana sirrinsa a fili, fayil ne ko manhaja, ya kan bi mai shi zuwa sabon gida. Abin da kamfani ya kulle kuwa sai inda kamfanin ya ga dama yake zuwa, kuma sai ranar da ya ga dama.

Kafin a fahimci nauyin wannan magana sai an duba abin da ke faruwa tsakanin hannun mai zane da hoton da yake gani. Mai zane da fenti na gargajiya, in ya bar gari, ya naɗe buroshinsa a tsumma ya tafi, buroshin kuma ba ya tambayar wane gari aka sauka. Mai zane a kwamfuta yana riƙe da alƙalami a kan allon zane, irin wanda kamfanin Wacom na Japan ya yi suna da shi tun bayan kafa shi a 1983. In ya taɓa allon a hankali layi ya fito siriri kamar gashi, in ya danna ya yi kauri, in ya kwantar da alƙalamin gefe ya yi faɗi kamar an shafa gawayi. Tsohon allo irin Intuos3 yana bambance matakin dannawa 1,024, na yanzu suna kai 8,192. Wannan labari na nauyin hannu ba ya isa ga manhajar zane kai tsaye. Sai wata ƙaramar manhaja da ake kira direba ta karɓa daga allon ta miƙa wa babbar manhaja, ita kuma ta miƙa wa ta zane ta wata hanya da aka yi yarjejeniya a kai. A Windows tsohuwar hanyar ita ce Wintab, wadda aka kafa a 1991. In hanyar ta yanke a ko'ina, manhajar za ta buɗe, launuka za su bayyana, komai zai yi kamar lafiya, amma alƙalamin ya koma sanda, layi ɗaya yake ja mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ga mai rubuta wasiƙa wannan ba komai ba ne. Ga mai zane kuwa hannunsa aka ɗaure. Haka batun launi yake: jan da yake gani a fuskar kwamfutarsa ba zai zama jan da injin ɗab'i zai fitar ba sai babbar manhaja ta mutunta ma'aunin launi da ƙungiyar ICC ta tsara tun kafa ta a 1993. Shi ya sa idan aka ce manhaja “tana aiki” a sabon gida, mai zane ke tambaya: da wane alƙalami, da wane launi?

Labarin Photoshop ya fi kowanne fito da ikon mai riƙe da mabuɗi. 'Yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, su suka ƙirƙire ta a ƙarshen shekarun 1980, kamfanin Adobe ya fitar da siga ta farko a watan Fabrairun 1990, kuma a kan Macintosh kaɗai take tafiya. Shekaru kaɗan na farko duk mai son ta sai ya sayi Mac, shi ya sa har yau ake ɗaukar Mac a matsayin kwamfutar masu zane. Sai a siga ta 2.5 ta shiga Windows. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne a wannan zamani an fitar da ita domin manyan kwamfutocin Silicon Graphics masu tafiya da IRIX, da na kamfanin Sun masu tafiya da Solaris, dukkansu dangin Unix ne, gidan da Linux ta kwaikwayi tsarinsa. Siga ta 3.0, wadda ta zo a 1994 da dabarar jera zane falle-falle ta yadda za a gyara sama ba a taɓa ƙasa ba, ita ma ta je can. Daga nan aka daina. Wannan ya isa hujja cewa rashin Photoshop a Linux har yau lissafin ciniki ne. Ba na zargin kamfanin da mugunta. Ɗan kasuwa ya duba yawan masu saye ya ga bai kai kuɗin ɗawainiya ba. Abin lura shi ne an yanke shawarar a ofishin da mai zane ba shi da kujera, kuma shi ne zai zauna da sakamakonta.

Mai hankali zai iya cewa: to, a zauna wuri ɗaya mana, wa ya tilasta wa mutum ƙaura? Amsar tana cikin tarihin Apple, domin masu zanen da suka riƙe Mac da amana ba su motsa ba, ƙasar ce ta riƙa motsi a ƙarƙashinsu. A 1994 kamfanin ya sauya ƙwaƙwalwar kwamfutocinsa daga ta Motorola zuwa PowerPC. A 2001 ya kawo Mac OS X, sabon gini tun daga tushe, masu zane suka jira har 2002 kafin Photoshop 7 ta zauna a kansa daram. A 2006 aka koma ƙwaƙwalwar Intel, aka ba mutane wani tafinta mai suna Rosetta da ke fassara tsofaffin manhajoji ga sabuwar na'ura, aiki ya yi nauyi har sai da Photoshop CS3 ta fito a 2007. A 2011 aka cire Rosetta, duk manhajar da ta dogara da shi ta mutu a tsaye. A watan Oktoban 2019 sigar Catalina ta daina karɓar manhajoji masu tsohon gini na 32-bit, sai ga Photoshop CS6, wadda mutane suka saya da kuɗinsu a kan cewa tasu ce har abada, ta ƙi girkuwa saboda sashen da ke girka ta tsohon gini ne. Tsofaffin allunan Wacom da babu abin da ya same su suka zama faranti, saboda kamfanin ya daina sabunta direbobinsu, har sai da wani mai shirya manhaja mai zaman kansa ya zauna ya yi musu kwaskwarima ya raba kyauta. A 2020 aka sake sauya ƙwaƙwalwa zuwa wadda Apple ke ƙerawa da kansa. Sau biyar ko fiye cikin shekara 26 aka tayar da mutumin da bai taɓa cewa zai tashi ba. Zama wuri ɗaya jinkirta ƙaura ne kawai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta biyu da ake kawowa ta fi ƙarfi, ita ce ta gada. Tun 1993 Bob Amstadt ya fara wani aiki mai suna Wine, Alexandre Julliard ya karɓi jagorancinsa ba da jimawa ba, manufarsa a sa manhajar Windows ta yi tafiya a kan Linux tana zaton a gidanta take. Duk abin da ta roƙa daga Windows, Wine ya karɓa ya juya shi zuwa harshen Linux ya dawo mata da amsa. Kuma gadar ta ɗauki kaya masu nauyi. A farkon shekarun 2000 manyan kamfanonin fim na Amurka suka riƙa barin Silicon Graphics masu tsada suna komawa Linux; DreamWorks ta yi amfani da ita a fim ɗin Shrek na 2001. Manhajojin sassaƙa siffofi sun bi su, amma masu zanen bango da masu tsara kamannin jarumai suka ce ba za su rabu da Photoshop ba. A 2003 Disney da wasu abokan sana'arta suka biya kamfanin CodeWeavers domin ya gyara Wine har Photoshop 7 ta tafi a kansa. A 2008 Google ya bayyana cewa shi ma ya biya domin sigogin CS da CS2. Kafin su, kamfanin Corel na Kanada ya bi ta wannan gada ya fitar da CorelDRAW 9 domin Linux a 2000, har yana da tasa Linux ɗin. A watan Oktoban wannan shekara Microsoft ya zuba dala miliyan 135 a Corel, a 2001 Corel ya sayar da sashensa na Linux ga Xandros, maganar ta mutu.

Ina girmama aikin Wine ƙwarai, shekara goma sha biyar aka yi ana gininsa kafin a kira shi siga ta 1.0 a 2008, kuma mutane da dama sun ci abinci ta dalilinsa. Amma a duba abin da kuɗin Disney ya saya: siga ɗaya. Da Adobe ya fitar da sabuwa sai a koma farko, domin masu Wine suna bin sawun abin da ba a nuna musu cikinsa ba, kamar mai ɗinka wa mutum riga daga ganin inuwarsa. Kuma wuraren da gadar ta fi rauni su ne waɗanda mai zane ya fi buƙata, wato nauyin alƙalami da ma'aunin launi da saurin bin hannu. Haka abin yake ga masu girka Windows cikin Linux kamar ɗaki cikin ɗaki, ko masu raba kwamfuta gida biyu su riƙa kashewa suna kunnawa: dabaru ne na tsallake rafi, suna da amfani ga wanda ya san ina ya dosa. Masu zanen barkwanci da suka dogara da Clip Studio Paint ta kamfanin Celsys na Japan, wadda ba ta da sigar Linux, ko Paint Tool SAI wadda Windows kaɗai ta sani, suna kan wannan gada har gobe, kowace sabuntawa da fargaba suke karɓar ta.

Daga 2013 kuma matsalar ta sauya kama gaba ɗaya. A watan Mayun wannan shekara Adobe ya sanar da cewa ba zai ƙara sayar da sabbin sigogin manhajojinsa ba, sai dai haya wata-wata ƙarƙashin Creative Cloud. CS6 ta 2012 ita ce ta ƙarshe da mutum zai saya ya ajiye. Tun kafin nan an ga alamar hadari, domin a ƙarshen 2012 kamfanin ya kashe uwar garken da ke tantance lasisin CS2, sai da ya raba wa tsofaffin masu saye wasu lambobi na musamman kafin su iya sake girka abin da suka biya. Da haya ta kankama, manhajar ta zama tana neman izini daga nesa lokaci-lokaci kafin ta buɗe. A watan Oktoban 2019 Adobe ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka. Daga baya ya samu izini ya fasa, amma makonnin da masu zanen ƙasar suka yi cikin zullumi sun nuna wa duniya inda igiyar take ɗaure. A watan Nuwamban 2022 kuma, sakamakon sauyin yarjejeniya tsakanin Adobe da kamfanin launuka na Pantone, wasu suka buɗe tsofaffin fayilolinsu suka tarar launukan Pantone sun koma baƙi, sai an biya wani kuɗin haya na daban kafin su dawo. Aikin da mutum ya gama shekaru da suka wuce, yana cikin kwamfutarsa, aka taɓa shi daga wata nahiya. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Wine na iya kwaikwayon Windows, amma ba shi da ikon ba da izinin da mai kaya ya hana.

Wata hanya ta daban ta ɓullo daga irin wannan takaici. David Revoy mai zane ne ɗan Faransa. Kamar yadda shi kansa ya sha bayyanawa, a 2009 ya sayi sabuwar kwamfuta da ta zo da Windows Vista, sai ya tarar Photoshop da Painter ɗin da ya saya da kuɗinsa ba sa jituwa da ita, mafita kawai ya sake biyan kuɗin sabbin sigogi. Ya koma Linux, ya riƙa haɗa manhajojin kyauta GIMP da MyPaint yana lallaɓawa, da su ya jagoranci zanen Sintel, gajeren fim ɗin da Gidauniyar Blender ta fitar a 2010. A lokacin akwai wata manhaja mai suna Krita, wadda aka faro a ƙarshen shekarun 1990 cikin ayyukan KDE, wata ƙungiyar masu manhajar kyauta, ta fito ga jama'a a 2005, tana ƙoƙarin zama komai da komai, ga ta da nauyin jiki. Revoy ya gwada ta ya faɗi aibinta dalla-dalla. Masu ita ba su yi fushi ba. Suka tara gudummawa suka biya wani ɗalibi, Lukáš Tvrdý, ya zauna ya rage mata nauyi, sannan a 2010 suka haɗu a Deventer ta ƙasar Holan suka yanke cewa daga yau manhajar zane ce zalla, gyaran hoton kyamara a bar wa wasu. Daga baya aka kafa Gidauniyar Krita, tsayayyar sigar Windows ta fito a 2014, a shekarar kuma masu zane suka tara kusan Yuro 20,000 ta shafin tara gudummawa na Kickstarter domin a gina abubuwan da su da kansu suka zaɓa. A wannan shekara Revoy ya fara labarinsa na zane, Pepper&Carrot, da Krita, yana sakin fayilolin asali ga kowa, har gidan ɗab'i na Glénat ya buga shi littafi a 2016. A kwatanta da abin da Disney ta yi. Kuɗin Disney ya ba da damar tsallakawa da siga ɗaya ta kayan wani. Kuɗin waɗannan masu zane, wanda bai taka kara ya karya ba a ma'aunin Hollywood, ya gina manhajar da ke tafiya a Windows da Mac da Linux da Android da buroshi iri ɗaya, kuma asalin rubutunta yana fili, ko gidauniyar ta rushe gobe wani na iya ɗauka ya ci gaba.

Ana iya ganin bambancin da ido. A ɗauki fayil ɗin Krita mai ƙarewa da .kra, a sauya ƙarshen sunansa zuwa .zip, a buɗe. Jaka ce kawai: ga cikakken hoton a nau'in PNG da kowace na'ura ke karantawa, ga wata takarda da ke lissafa sunan kowane falle da matsayinsa. Nau'in OpenRaster, wanda masu manhajojin zane na kyauta suka fara tsarawa a 2006 domin musayar aiki tsakaninsu, ya ma fi sauƙi, kowane falle hoton PNG ne mai zaman kansa. Wannan jikan IFF ne a ruhi. Wanda ya adana aikinsa haka, ko manhajar ta ɓace daga doron ƙasa zai iya tsince zanensa falle-falle da hannu.

Akwai ƙorafin da ba zan raina ba, domin na masu neman abinci ne. Mai zane ba shi kaɗai yake aiki ba. Kamfanin da ya ba shi kwangila PSD yake so, nau'in fayil na Photoshop, abokan aikinsa ma shi suke turo masa. Adobe ya wallafa bayanin PSD, shi ya sa Krita da GIMP da wasu ke iya buɗe shi su kuma adana, amma bayanin bai game komai ba, kuma wasu dabaru na Photoshop ba su da takwara a wani wuri. Fayil mai sarƙaƙiya kan iso da wani sashe a daskare ko a karkace. Buroshi ma haka. Krita na iya karɓar siffar bakin buroshin Photoshop, amma halayyarsa, yadda yake watsuwa da yadda yake amsa nauyin hannu, sai an sake ginawa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya tara buroshi ɗari cikin shekara goma, asara ce ta gaske zai yi, kuma watannin da zai yi hannunsa na tuntuɓe watanni ne na raguwar kuɗin shiga. Duk wanda ya ce masa ƙaura kyauta ce bai faɗa masa gaskiya ba. Abin da zan ce kawai shi ne a duba inda tsadar ta fito. Ta fito ne daga shekarun da aka yi ana zuba aiki cikin rumbun da wani ke riƙe da mabuɗinsa, kuma kowace shekara aka ƙara, kuɗin fita ƙaruwa yake yi. Shi ya sa waɗanda suka tsallaka lafiya galibi manhajar zane suka fara sauyawa tun suna tsohon gida, suka koyi wadda ke tafiya ko'ina, suka riƙa ajiye kwafin aikinsu a buɗaɗɗen nau'i, sai da hannu ya saba sannan suka taɓa babbar manhaja. Masu yin duka biyun rana ɗaya su ne kan dawo da gudu suna cewa Linux ba ta zane.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne wanda ya fi kusa da rusa hujjata: ita ma Linux ƙasa na motsi a cikinta. Gaskiya ne. Tsarin da ke nuna hoto a fuskar kwamfuta, X11, tun 1987 yake, an kuma fara gina magajinsa Wayland a 2008. Da manyan rabe-raben Linux suka fara tura mutane Wayland, masu zane suka tarar ma'aunin launi bai kammala ba, saitin alƙalami ya ragu. A 2024, bayan Fedora, ɗaya daga cikin rabe-raben, ta cire X11 daga sigarta ta KDE, Revoy da kansa ya koma wani rabe mai suna Debian 12 ya rubuta wa 'yan'uwansa masu zane jagorar yadda za su zauna a kan tsohon tsarin. Sai a watan Fabrairun 2025 aka amince da ƙa'idar sarrafa launi ta Wayland, bayan shekaru ana muhawara. Masu shirya manhajar kyauta ma kan yi gaba su bar mai zane a baya, kuma haushin da Revoy ya ji bai fi na mai Mac a 2019 sauƙi ba. Amma a duba abin da ya iya yi. Ya sauya gida bai sauya manhajar zanensa ba, bai rasa buroshi ko ɗaya ba, bai nemi izinin kowa ba, kuma muhawarar da ta shafi sana'arsa a fili aka yi ta, inda shi da irinsa suka sa baki. Direban tsohon allon Intuos3, wanda kamfaninsa ya daina kula da shi, yana cikin zuciyar Linux har yanzu yana aiki. Buɗaɗɗen kaya ma na ɓaci, sai dai ɓacinsa yana barin ƙofar gyara da ƙofar fita a buɗe.

Wannan tarihi ya iso ƙofarmu ne ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa ba, a ɓangaren Intel daga zubi na takwas zuwa sama, alhali da yawa daga cikin kwamfutocin hannu na biyu da ke shagunan ɗab'i da na zane a Kano da Kaduna da Zariya sun girmi wannan sharaɗi. A waɗannan shaguna CorelDRAW ce sarauniya. Katin biki da allon talla da fostar 'yan takara duk a fayil ɗin .cdr suke kwance, shekara da shekaru, nau'in da manhajar kyauta ta Inkscape ke buɗe wani sashensa ta bar wani. Mai irin wannan shago yana da zaɓi uku a gabansa: ya sayi sabuwar na'ura da kuɗin da dala ta ninka, ya ci gaba da tsohuwar babbar manhaja da aka daina toshe mata ɓaraka, ko ya koma Linux ya tarar CorelDRAW ta bar can tun 2001. Kowanne ya zaɓa, akwai aikin da ba ya jiran shawara, kuma tun injin na kunnuwa ake yin sa: a buɗe tsofaffin fayilolin ɗaya bayan ɗaya, tambarin makarantar da ke dawowa kowane zango da katin kamfanin da ke sake oda duk shekara, a fitar da kwafinsu a PDF da SVG, na zanen hannu kuma a PNG ko OpenRaster, a ajiye a faifai na daban.